Mako takwas: yadda aka yi mini gashin sankarar bakin mahaifa

Jini na fara gani ba lokacin al'ada ba. Daga baya wani ruwa-ruwa mai wari ya biyo baya, wanda humra da turaren wuta suka kasa rufewa. Shekaruna sun haura 45, don haka duk wadda na gaya wa sai ta ce ai al'ada ce ke shirin ɗaukewa. A kemis aka ce sanyi ne, aka haɗa mini magunguna. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa na tafi babban asibitin garinmu, wata likitar mata ta duba ni. Ba ta daɗe ba ta cire safar hannu ta ce, "Malama, akwai tsiro a bakin mahaifarki, da an taɓa shi yake zubar da jini. Sai an ɗebi ɗan nama an kai ɗakin gwaji."

Nan aka fara ja-in-ja a gida. Gwaggona ta ce in dai daji ne to ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, da an taɓa shi zai fantsama. Kusan kowa da wannan maganar ya taso, kuma na ga abin da ya sa ta zauna a zukata: ba a zuwa asibiti sai ciwo ya gama cin jiki, a yanki nama yau, bayan wata biyu mutum ya rasu, sai a ɗora wa wuƙa laifi. Amma babu likitan da zai ba mutum maganin daji ko ya kwantar da shi ƙarƙashin na'urar gashi, wato mai kashe ƙwayoyin daji da haske mai ƙarfi, bai ga takardar gwajin naman nan ba. Ita ke faɗin daji ne ko ba shi ba ne, kuma wane iri ne. Maigida ya ce a yi. Aka sa ɗan naman a kwalba da ruwan magani, ƙanina ya kai shi da hannunsa asibitin koyarwa, don namu ba shi da likitan da ke duba nama. Makonni muka yi muna jira kafin takarda ta fito: sankarar bakin mahaifa.

A asibitin koyarwa na gane cewa ba likita ɗaya ke jinyar daji ba. Sashen mata ne suka fara karɓa ta, aikinsu na farko kuma su san iya inda ciwon ya kai. Aka yi hoton ƙirji, aka yi sikanin ciki don a ga ko tsiron ya danne bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, aka yi hoton MRI na mara, aka ɗebi jini don gwajin ƙoda da hanta da yawan jini da ƙanjamau. Kowane gwaji da tagar biyan kuɗinsa, da layinsa, da ranar karɓar sakamakonsa. Ƙanwata ce ta riƙe wannan ɓangaren. Ta sayi jakar roba mai zif, duk takarda da rasit da faifan hoto nan take zuba su, kuma kowace takarda sai ta ɗauki hotonta a waya kafin ta miƙa wa wani. Mara lafiyar da ba ta da irin wannan mutum a bayanta tana wahala ƙwarai, na gani da idona.

Ciwon daji mataki huɗu ne, nawa aka ce mataki na 2B. Na ce wa likitan, "Likita, ni na gama haihuwa. A cire mahaifar kawai in huta." Ya juya bayan wata takarda ya zana mini mahaifa da mafitsara da dubura, ya ce, "Hajiya, da a bakin mahaifar kaɗai ya tsaya da mun cire. Naki ya taɓa naman gefe. In muka yanka za mu bar saura, dole kuma a yi gashin daga baya, kin ga kin sha wahala biyu. Gashi da kemo, wato maganin daji da ake ɗurawa ta jijiya, a tare shi ne maganinsa, kuma ana warkewa." Ya ce ba shi kaɗai ya yanke wannan hukunci ba. Akwai zaman da suke yi, likitan mata da likitan gashi da mai karanta hoto da mai duba nama, a ɗauko fayil ɗaya bayan ɗaya, a haska hoton a bango, a yi shawara. Mara lafiya ba ta shiga wannan zaman, amma a can ake tsara duk abin da zai same ta.

Sai maganar ina za a yi. Jihohi da yawa a ƙasar nan ba su da na'urar gashi ko ɗaya. Sunayen da muka riƙa ji a lokacin su ne asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, da na Gombe da aka sani da gashin ciki, wanda ake shigar da abin da ke ba da hasken cikin jiki, sai na kudu irin su Ibadan da Legas. Kafin a rubuta wa mutum takarda sai an buga waya an ji wace na'ura ke aiki a wannan watan, kuma layinta ya kai ina. Haka aka yi mana, muka haɗa kaya muka sauka gidan wata 'yar uwar maigida a garin da aka tura mu.

Kuɗi kuwa, Allah ne kaɗai ya rufa asiri. A ofishin kula da marasa ƙarfi aka gaya mana akwai asusun tallafa wa masu cutar daji da gwamnatin tarayya ta soma a 2021, wanda ya shafi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wato prostate. Muka cika takardu, amma ciwo ba ya jira, don haka na sayar da 'yan kunnena da sarƙa, malaman makarantarmu suka ba ni kwasar adashi ba layina ba, 'yan uwa suka yi karo-karo. Kuɗin gashin ma ba shi ne ke karya mutum ba kamar ƙananan abubuwan da ba a lissafa su: kuɗin mota kullum, gwajin jini duk mako, maganin amai, abinci a garin da ba naka ba.

Kafin a fara sai da aka tsaya a kan jinina. Watannin da na yi ina zubar da jini sun sa ya yi ƙasa sosai, su kuma suna son ma'auninsa ya kai 10. Likitar gashin ta ce hasken ya fi cin ƙwayoyin daji idan iska na isa gare su, jini kuma shi ke kai iskar. Ƙannena maza suka zo suka bayar, aka ƙara mini.

Daga nan aka ba ni ranar awo. Ba a gashi ranar, amma duk abin da zai biyo baya a kanta ya dogara. Aka ce in yi bayan gida tun daga gida, in yi fitsari da na iso, sannan in sha ruwa gwargwadon da suka auna mini in zauna in riƙe. Dalili shi ne idan mafitsara ta cika tana ture hanji sama, ya fita daga hanyar hasken. Na kwanta a gadon na'urar CT, gado mai tauri ba katifa, aka sa mini matashi na musamman ƙarƙashin gwiwa da wani abu da ke riƙe ƙafa. Wasu jajayen layukan haske suka fito daga bango suka gitta a marata. Wata ma'aikaciya ta ce, "Mama, zan ɗan tsira miki allura sau uku, ki yi haƙuri, kada ki motsa." Ta yi mini ɗigon tawada a ƙugun dama da na hagu da tsakiyar mara. Har yau suna nan. Da su ake daidaita mutum kullum, ya kwanta daidai yadda ya kwanta ranar farko.

Bayan awo sai aka ce mu koma gida za a kira mu. Wannan jiran ya fi kowanne ci mini rai, don gani nake an manta da ni. Wata nas ce ta kwantar mini da hankali, ta gaya mini abin da ake yi a bayan fage. Likita na zaune gaban kwamfuta tana bin hoton nan yanki-yanki, tana zagaye tsiron da kaluluwar da ke kusa da shi da launi ɗaya, tana zagaye mafitsara da dubura da hanji da kan ƙashin cinya da wasu launukan. Sai masanin fiziks ya karɓa ya lissafa ta wace kusurwa hasken zai shiga, da wane ƙarfi, yadda zai taru a kan ciwon ya rage ɓarna a kan lafiyayyen nama. Sai likita ta sake dubawa ta sa hannu, a gwada tsarin a kan na'urar ba mutum a kai. Ban taɓa ganin fuskar wannan masanin ba sai can wajen ƙarshe, wani saurayi ne mai shiru-shiru. Na yi masa addu'a sosai.

Ɗakin gashi ba shi da taga. Bangonsa kankare ne mai kaurin da ya wuce mita ɗaya, kuma sai an bi wani lungu mai lanƙwasa kafin a isa ga na'urar. Sanyin ciki har ƙashi, saboda na'urar ba ta son zafi. Tamu irin wadda ake kira linak ce, mai aiki da lantarki. Akwai tsohuwar iri mai amfani da sinadarin kobal. Ma'aikata biyu suka kwantar da ni, suka ja ni nan suka tura ni can har ɗigon jikina ya hau kan layin haske. Kowannensu da wata 'yar alama maƙale a riga mai auna yawan hasken da ya taɓa shi. Suka ce, "Mama, muna ganinki a talabijin, muna jin ki. In akwai matsala ɗaga hannu." Suka fita, ƙofa ta rufe, na rage ni kaɗai.

Kan na'urar ya juyo ya tsaya a samana, ya yi wani ƙugi, ya zagaya gefe, ya koma ƙarƙashin gado. Ina ta jiran zafi ina hailala. Babu zafi, babu wuta, ko ɗumi ban ji ba. Hasken irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi ne, sai dai ya ninka shi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ido ba ya ganinsa. Gashin kansa 'yan mintuna ne, daidaita kwanciyar ma ya fi shi ɗaukar lokaci. Da suka dawo suka ce an gama, sai da na tambaya ko na'urar ta yi aiki kuwa.

Haka ake yi Litinin zuwa Juma'a, a huta Asabar da Lahadi. Ga irin ciwona yawanci zama 25 zuwa 28 ne. Ana auna hasken da wani ma'auni da suke kira gire, kullum a ba da 1.8, zama 25 ya tashi 45. Ana rarraba shi ne don lafiyayyen nama yana gyara kansa tsakanin yau da gobe, ƙwayar daji kuwa ba ta iya gyaran sosai, sai ɓarnar ta riƙa taruwa a kanta. Sau ɗaya a mako kuma akwai kemo, wani magani mai suna sisplatin da ake sawa a ƙarin ruwa don ya ƙara wa gashin kaifi. Yana taɓa ƙoda, shi ya sa ake gwajin jini kafin kowane zagaye, a ɗura wa mutum ruwa kafin maganin da bayansa. Ranar kemo tun safe sai la'asar. Gashin kaina bai zube ba, amma tashin zuciya da ɗacin baki na sha su.

Wajen mako na uku jiki ya fara amsawa. Zawo, zafin fitsari, fatar mara da matsematsi ta yi baƙi tana saɓa, ga gajiyar da ko barci ba ya kore ta. Aka hana ni yaji da maiƙo da ɗanyen ganye, na koma kunu da farar shinkafa da ayaba da ruwan gishiri da sukari. Aka ce kada in goga soso a wurin, kada in gasa da ruwan zafi, kada in shafa komai sai abin da suka ba ni. Wannan ya yi wa Gwaggo wuya, ita da ta aiko da man shanu da garin magani. Game da salla kuwa, maigida ya tambayo mini malami, ya ce wannan jinin ciwo ne ba na al'ada ba, in tsaftace jikina in yi alwala in yi sallata. Na ji daɗin wannan amsa fiye da yadda zan iya faɗa, don na daɗe ina cikin shakka.

A bencin jira aka zama 'yan uwa. Kowa da gorar ruwanta tana kurɓa tana kallon agogo, in layi ya yi tsawo ka ga mata suna matse-matse, ba dama a zagaya. Akwai masu sankarar mama, akwai dattawa maza, akwai masu ciwon wuya da ake rufe musu fuska da wata raga ta roba da aka ƙera daidai kansu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, duk sabuwar da ta zo a tsorace mu ke zaunar da ita. Wata baiwar Allah daga wajen Maraɗi ta ce an buɗe wurin gashi a Yamai tun 2021, amma nan ya fi mata kusa kuma tana da dangi. Wata kuma surukarta ta ware mata kwano da tabarma, ta hana ta ɗaukar jikokinta, wai tana ɗauke da wutar na'ura. Muka kai maganar gaban nas, ta kira ɗan matar ta gaya masa a gabanmu cewa da an kashe na'ura babu abin da ke saura a jikin mutum, kuma daji ba a ɗaukarsa a kwano.

Abin da likitar ta fi nanata mini tun ranar farko shi ne lokaci. Daga zaman farko na gashin waje zuwa na ƙarshe na gashin ciki, so ake a gama cikin mako takwas. In aka wuce, ƙwayoyin da suka tsira suna samun sararin hayayyafa, kuma kowace rana da aka ƙara tana rage damar kashe ciwon. Shi ya sa ranar da muka zo muka tarar da takarda manne a ƙofa cewa na'ura ta tsaya, wurin ya yi tsit. Wani ƙarfe ne ya lalace, ba a samunsa a ƙasar nan, injiniyan ma daga wani gari zai zo. Na ga dattijon da ya sayar da shanunsa ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Wasu da kuɗin zamansu ya ƙare suka koma ƙauye, kuma ba duka suka dawo ba. Wannan abin har yanzu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Asibitin da ke da na'ura ɗaya tak, ran da ta tsaya jinyar kowa ta tsaya, kuma sayen na'ura ba tare da yarjejeniyar gyara da tsayayyar wuta ba rabin aiki ne. Ma'aikatan dai sun yi abin da za su iya. Da aka gyara suka riƙa zuwa har Asabar, suna kaiwa dare, wasunmu aka yi musu zama biyu a rana da tazarar awa shida a tsakani, don a cike giɓin.

Gashin ciki shi ne wanda mata suka fi tsoro, shi ne kuma wanda ba a so a tsallake ko kaɗan, don shi ke kai haske mai yawa tsakiyar ciwon, abin da na waje ba zai iya ba sai ya ƙona mafitsara da dubura. Ba kowane asibiti mai na'urar waje ke da shi ba, ni ma sai da aka tura ni wani gari. Ƙanwata ta je ta karɓo mana rana tun ina tsakiyar gashin waje, shi ya sa ba mu rasa lokaci ba. Ana yinsa sau uku ko huɗu. Aka yi mini allurar kashe zafi, aka sa robar fitsari, aka shigar da wani siririn bututu cikin mahaifa da wasu biyu a gefen bakinta, aka cusa bandeji don ya riƙe su ya kuma ture mafitsara da dubura. Aka ɗauki hoto, aka yi lissafi, ni kuwa ina kwance ba motsi. Sannan aka jona bututun da wata 'yar na'ura, kowa ya fita. Abin da ke ba da hasken bai fi ƙwayar shinkafa ba, yana maƙale a bakin waya, ya shiga ya tsaya nan ya tsaya can na 'yan mintuna, ya koma gidansa. Ba zan ɓoye ba, sa bututun da cire bandejin akwai ciwo, akwai kuma kunya. Wata nas dattijuwa ta rufe ni da zane ta riƙe hannuna tana cewa, "Sannu 'yar uwa, saura kaɗan." Duk wadda za a yi wa, ta nemi maganin kashe zafi tun kafin a fara, haƙƙinta ne.

Ɓarnar da gashi ya yi wa ƙwayoyin daji tana ci gaba da cin su bayan an gama, don haka ba a duba sakamako nan take. Bayan wajen mako shida na koma, daga baya aka sake hoto, likita ta ce ba ta ga tsiron ba. Na yi sujada a ofishinta. Al'adata ta ɗauke gaba ɗaya saboda hasken ya taɓa ƙwan haihuwa, ga zufa da dare. Aka ba ni wata roba mai santsi da zan riƙa amfani da ita don kada gaba ya tsuke, aka kuma zaunar da mu ni da maigida aka yi mana bayanin zaman aure ba tare da kwana-kwana ba. A nan ne ya yi tambayar da ta daɗe a ransa, ko shi ya jawo mini. Likita ta ce ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa kusan duk sankarar bakin mahaifa, mafi yawan ma'aurata suna gamuwa da ita a rayuwa, jiki ya kore ta ba a sani ba, a wasu kaɗan ne take zama shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama daji. Ba shaida ce ta lalata a kan kowa ba.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a 2020 mata kusan 12,000 suka kamu da wannan ciwo a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. A watan Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta, allura ɗaya. Da masu rigakafin suka zo makarantarmu iyaye da dama suka hana, wai tana hana haihuwa. Na bi gidajen 'yan ajina na zauna da iyayensu mata, na gaya musu abin da na gaya muku, autata kuma ita na fara miƙawa.

Yanzu ana duba ni duk wata uku, bayan shekara biyu a koma duk wata shida, har a cika biyar. A watan Yulin 2025 gwamnati ta buɗe sababbin cibiyoyin daji a Katsina da Inugu da Benin, na Katsina zai rage wa mutanenmu da yawa tafiya. Kwanan baya aka gano irin ciwona a jikin wata maƙwabciyarmu, mijinta ya zo har gida neman shawara. Na ce su nemi masu ba da jini tun yanzu, su ware mutum ɗaya da zai riƙe takardu, kuma ranar awo kada su bar ofishin likita sai an gaya musu a ina za a yi mata gashin ciki, da kuma wace rana.